Sabis Ya Ɗauke, Lissafi Na Tafiya: Gidaje Biyu da Ke Cikin Kamfanin Waya

Ranar Juma'a, 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta aika wa kamfanonin waya takarda mai ɗauke da sa hannun shugabanta na wancan lokaci, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, cewa a kashe duk wani turken sadarwa da ke cikin Jihar Zamfara. Gwamna Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, shi ya roƙi a ɗauki matakin domin a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Abin ya riga ya kai maƙura a yammacin jihar. Kwana biyu kafin fitowar takardar an kwashe ɗalibai 73 daga makarantar je-ka-ka-dawo ta garin Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. A tsakiyar Agusta an afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Tun a watan Fabrairu kuwa duniya ta ji sunan Jangebe, a ƙasar Talata Mafara, inda aka ɗebe 'yan mata 279 a dare ɗaya.

Mako biyu aka ce. Turaku sama da 240 aka kashe. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma mutanen Mafara da Bakura da Maradun sai da suka kai ƙarshen Nuwamba waya na aljihu ba ta da amfani sai haska fitila da duba lokaci. Masu POS suka rufe rumfuna. Masu sayar da shinkafa da suka saba jiran alat suka koma ɗaukar kuɗi a jiki, a hanyar da kowa ya san halinta. Mai saƙon gaggawa ya shiga mota ya fita jihar neman inda zai yi kira, wanda ba shi da kuɗin mota ya rubuta wasiƙa ya ba direba a tasha.

An yi ta magana a kan waɗannan duka. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ne ke nuna yadda cikin kamfanin waya yake. A ce wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ya sayi datar wata guda ranar 2 ga Satumba. Washegari sabis ya ɗauke. Na'urar da ke ƙirga masa kwanaki talatin ɗin nan tana can a cibiyar kamfani, nesa da Zamfara, kuma turaku aka kashe, ita ba a taɓa ta ba. A wurinta kwana kwana ne, ko an yi amfani da datar ko ba a yi ba. In ba wani ya zauna takanas ya ba ta umarnin tsawaita wa'adi ba, ranar da talatin ta cika za ta share datar ta rufe shafi. Kamfanin da ya kashe turken da hannunsa shi ne dai kamfanin da ke ƙirga kwanakin, amma ɓangarorinsa biyu ne ke waɗannan ayyuka, kuma ba dole ne ɗaya ya san abin da ɗayan ke ciki ba.

Gidan kuɗi da gidan ƙarfe

Kowane kamfanin waya, daga MTN da Airtel da Glo har manyan kamfanonin Turai da Amurka, yana tafiya ne a kan tarin manhajoji kashi biyu. Kashi na farko, wanda injiniyoyi ke kira BSS, shi ke kula da ciniki. Shi ya san sunan mai layi da lambarsa ta NIN, nawa ya saka na kati, wane tsari yake kai, nawa ya ranta, yaushe datarsa za ta ƙare, sau nawa ya kira ya yi ƙorafi. Kashi na biyu, OSS, shi ke kula da kayan aiki. Shi ya san turke nawa ne a Bakura, wanne ke aiki, wanne ya mutu, janareta nawa suka rage da gas, a wace kwana aka datse wayar faiba da aka binne a gefen titin Gusau zuwa Sakkwato.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani, domin suna da madatsar ruwa ta Bakolori a gabansu, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, take shayar da gonakin rani a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. A ce akwai mutum ɗaya a ofis riƙe da littafin manoman da suka biya kuɗin ruwa, akwai wani a bakin kanal riƙe da makullin ƙofar ruwa. Na ofis ya san wanda ya biya, bai san ko ruwa ya isa gonarsa ba. Na kanal ya san inda bango ya fashe, bai san gonakin su wa ke bayan fashewar ba. Manomin da shinkafarsa ke bushewa zai je ofis a buɗe littafi a ce masa ai komai nasa daidai yake, kuma gaskiya aka faɗa masa, gaskiyar littafi. Haɗa BSS da OSS da kamfanonin sadarwa ke kashe maƙudan kuɗi a kai shi ne a wayi gari littafin da makullin suna labari ɗaya.

Rabuwar tana da asali. Tun zamanin wayar tangaraho da wayar girke, injiniya daban, akawun kuɗi daban, kowa da ofishinsa da shugabansa. Da kwamfuta ta zo sai kowane ɓangare ya sayo tasa manhajar. Sannan kowane mai ƙera kayan sadarwa, Ericsson ne ko Huawei ko Nokia ko ZTE, da nasa tsarin sa ido yake kawo kayansa. Aka kafa 2G, aka ɗora 3G a kai, aka ƙara 4G, daga 2022 kuma 5G ta shigo Najeriya, kuma ba a rushe na baya ba, domin har gobe mai ƙaramar waya a ƙauyuka irin su Faru ko Damri da 2G yake kira. Ga kuma sauyin iyayen gida. Kamfanin da ya fara da suna Econet a 2001 ya zama Vmobile, ya zama Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010. Duk mai gidan da ya zo yakan zo da tsarinsa, ya tarar da na wanda ya gada.

Tsofaffin masu waya sun taɓa ganin ƙarfin gidan kuɗi da idonsu. Bayan gwanjon lasisin GSM na Janairun 2001, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta suna cajin naira 50 a minti. Ko sallama kawai mutum ya yi layi ya katse, kuɗin minti guda ya tafi. A Agustan 2003 Glo, kamfanin Mike Adenuga, ya shigo da lissafin daƙiƙa, cikin ɗan lokaci sauran suka bi sahu. Ba a sauya turke ko ɗaya ba don a yi wannan. Manhajar lissafi aka sauya, sai ga kiran waya ya shiga hannun talaka.

Abin da ke faruwa cikin daƙiƙa biyar

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika, mai POS ya ga datarsa ta kusa ƙarewa ga layin mutane a gabansa. Ya danna *312#, lambar da NCC ta mayar ta bai ɗaya ga dukkan kamfanoni a 2023. Saƙon ya tashi daga wayarsa zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan ya bi ko dai wayar faiba ko farantin nan mai kama da ganga da ake gani a jikin turke, wanda ke miƙa saƙo ta iska daga wannan turke zuwa wancan, har ya isa cibiya. A cibiya rajistar layuka ta duba: wannan sim ɗin namu ne, ba a toshe shi ba. Sai aka buɗe masa jerin farashi ya zaɓa. Na'urar caji ta duba kuɗinsa ta cire. Daga nan umarni ya fita zuwa wata na'urar da ke tsaron ƙofar intanet, cewa a buɗe wa wannan layi giga kaza na kwana kaza. Sai saƙon tes ya faɗo masa cewa an gama.

A cikin wannan 'yar tafiya saƙon ya tsallaka daga gidan ƙarfe zuwa gidan kuɗi ya sake komowa. A wajen tsallakawar nan ake samun ɓari. In na'urar caji ta cire kuɗi amma umarnin buɗe ƙofa ya maƙale a hanya, sai a samu abin da kowa ya sani: an cire kuɗi, data ba ta shigo ba. A littafin kuɗi ciniki ya faɗa. A wurin mai tsaron ƙofa babu wanda ya ce masa komai. A kamfanin da tsarinsa ke haɗe, manhaja ɗaya ce ke bin umarnin tun daga farko har ƙarshe, in ta ga bai isa ba ta sake turawa ko ta mayar da kuɗin nan take. Inda tsarin ke rabe kuwa, sai mai layi ya kira ya yi ƙorafi, ma'aikaci ya buɗe wannan allo ya kwafo lamba ya liƙa a wancan, a ce a jira awa ashirin da huɗu. Kafin nan kasuwa ta watse.

Mutuwar turke ta fi wannan tsawon labari. A ɗauki wani ƙauye a ƙasar Bakura inda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, turke na rayuwa a kan janareta da batura, wani lokaci da faifan sola. Gas ya ƙare, motar da za ta kawo ta kasa shigowa saboda tsoron hanya. Kafin turken ya yi shiru yakan aika da ƙararrawa bi da bi zuwa cibiyar sa ido, wani faffaɗan ɗaki mai manyan alluna da ake zama a cikinsa dare da rana: janareta ya tsaya, an koma kan batur, batur ya yi ƙasa, zafi ya ƙaru. Sai shiru. In aka yi rashin sa'a turken nan shi ne mai miƙa wa wasu turaku saƙo, duk na bayansa za su faɗi tare da shi ko da tankunansu cike suke da mai, ƙararrawa ɗaruruwa su cika allo a lokaci guda. Aikin farko na gidan ƙarfe shi ne tsamo ƙararrawa ɗaya ta ainihi daga cikin wannan hayaniya, don kada a tura injiniya Maradun alhali ciwon yana Bakura.

A daidai lokacin wani dattijo ya hau babur ya fito bakin titi inda ake samun sabis, ya kira 300, lambar kula da kwastomomi. Ma'aikaciyar da ta ɗauka tana kallon allon gidan kuɗi. Layi a buɗe, kuɗi akwai, data da sauran kwana goma. Sai ta ce, Baba, layinka lafiya lau, ka kashe wayar ka sake kunnawa. Ba ƙarya ta yi ba, abin da aka nuna mata ke nan. Baba ya koma gida ya sauke fushinsa a kan yaron da ke sayar masa da kati, an bar jaki ana dukan taiki. Da a ce allon nata na jin labarin cibiyar sa ido, da lambar Baba na shigowa za ta ga cewa turken da layinsa ya saba kwana a kai ya mutu tun jiya da la'asar, an buɗe takardar gyara, ga lokacin da ake sa ran dawowa. Da ma tun kafin ya kira saƙo zai riske shi da zarar ya shigo inda ke da sabis.

Akwai kuma gida na uku da ya ƙara dagula lissafi. Yawancin turakun da ake gani a Najeriya ba na kamfanonin waya ba ne yanzu. A 2014 MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa turaku kimanin 9,000 ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da kimanin 4,800 ga American Tower. Ƙarfen da janareta da mai gadi na kamfanin haya ne, eriya da na'urorin da ke rataye a jiki na kamfanin waya ne, sau da yawa ma kamfanoni biyu ko uku ne a kan turke ɗaya. Shi ya sa wani lokaci layuka biyu na cikin waya ɗaya ke ɗaukewa tare. Labarin tankin gas yana hannun wani kamfani, labarin kwastoma yana hannun wani.

Wanda ke ganin rashin daidaito tsakanin rajista da layukan da ke aiki ƙaramin abu ne, ya tuna Oktoban 2015, lokacin da NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04, naira 200,000 a kan kowane layi cikin layuka miliyan 5.2 da ba su da cikakkiyar rajista amma ba a katse su ba. An daidaita a kan naira biliyan 330 a Yunin 2016. Ranar 4 ga Afrilu, 2022, aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira saboda ba a haɗa su da NIN ba, aikin da ke buƙatar rumbun bayanan hukumar NIMC da rajistar kamfani da na'urorin da ke buɗe layi su faɗi magana ɗaya a kan mutum ɗaya. A 2024 kuma adadin layuka masu aiki a ƙasar ya faɗo daga miliyan 219 a watan Maris zuwa kimanin miliyan 154 a Satumba. Wani ɓangare na faɗuwar daga toshe marasa NIN ne, amma NCC ta bayyana cewa bincikenta ya gano wani kamfani yana ƙirga layuka kusan miliyan 40 a matsayin masu aiki alhali sun wuce kwana 90 ba a yi komai da su ba.

Yadda ake haɗawa, da inda ake tuntuɓe

Duniyar sadarwa ta daɗe tana fama da rabuwar gidajen nan biyu. A 1988 kamfanoni takwas, cikinsu da AT&T na Amurka da British Telecom na Birtaniya, suka kafa ƙungiyar da yau ake kira TM Forum, don a samu harshe ɗaya tsakanin na'urori. Ita ta zana taswirar ayyukan kamfanin waya mai suna eTOM, wadda Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta amince da ita a 2004. A 2018 ƙungiyar ta fito da sabon tsari, ODA, wanda ya daina kallon BSS da OSS a matsayin gidaje biyu, ya mayar da su ƙananan sassa da ake harhaɗawa, kowane sashe da ƙofar da aka yarda a kan siffarta, ta yadda za a iya cire manhajar wani kamfani a saka ta wani ba tare da an rushe ginin ba.

A aikace abu uku ake nema, kuma na tsakiya ya fi wuya. Jerin haja ɗaya, ta yadda abin da aka tallata a rediyo shi ne abin da na'urar caji ta sani, shi ne kuma abin da mai tsaron ƙofar intanet zai bayar. Sai rajistar kayan aiki ɗaya wadda ta dace da abin da ke ƙasa. Nan ne wankin hula ke kai dare, domin injiniya kan je ya sauya faranti ko ya karkatar da waya cikin gaggawa ya manta bai rubuta ba, shekara biyar ana haka sai rajista ta zama tatsuniya. Kamfanoni kan gano cewa kafin a sayi sabuwar manhaja sai an tura mutane turke turke sun ƙirga abin da ke wurin da ido, kuma a wuraren da shiga sai da rakiyar jami'an tsaro, wannan ƙirga ba wasa ba ce. Na uku shi ne hanya ɗaya da umarni da takardar ƙorafi za su bi, daga bakin kwastoma har hannun mai sifana, su dawo da amsa.

Aikin yakan ɗauki shekaru, kuma ana yin sa ne kamfani na gudana, miliyoyin mutane na kira. Ba a cewa kowa ya ajiye waya na mako guda za mu kwashe rumbu. Shi ya sa masu hankali ke yin sa kaɗan kaɗan, su fara da sabuwar haja ɗaya a kan sabon tsari, in ta zauna su jawo ta gaba.

Haɗawa kuma tana da nata haɗarin, Kanada ta gani. Ranar 8 ga Yuli, 2022, kuskure ɗaya wajen sabunta na'urorin cibiyar kamfanin Rogers ya kashe wa mutane sama da miliyan 12 waya da intanet kusan yini guda. Wayar hannu da intanet na gida duk a kan cibiya ɗaya suke, sai suka faɗi tare. Biyan kuɗi da katin banki ya tsaya a shaguna, wasu suka kasa kiran lambar gaggawa. Mafi muni, hanyar da injiniyoyi ke bi su shiga na'urori su yi gyara ita ma a kan cibiyar da ta mutu take, kuma wayoyin hannunsu na kamfanin ne. Rogers ya biya kwastomomi diyyar kwana biyar, ya kuma yi alkawarin raba cibiyoyin. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne a haɗa bayanai, amma hanyar sa ido da gyara a bar mata nata layi daban, wanda ba zai mutu tare da abin da take sa wa ido ba.

Haɗari na biyu ya fi kusa da gida, kuma masu tallar manhaja ba sa ambatonsa. Da zarar allo ɗaya ya iya nuna nawa kowane turke ke ci na gas da gadi da nawa yake kawowa na kati, to zai iya jera turakun da suka mutu bisa ga wanda ya fi kawo kuɗi. A irin wannan jeri turken Ikeja ko na Wuse na sama, na ƙauyen Maradun na can ƙasa, ga shi zuwa wurinsa ya fi tsada da haɗari. Manhaja za ta yi abin da aka ce ta yi. In riba kaɗai aka ba ta ma'auni, haɗewar za ta ƙara wa na birni sauri ta ƙara wa na ƙauye jira. Turke ɗaya tilo da ke riƙe da asibitin karkara da masu POS na gari guda ya cancanci a auna shi da wani ma'auni, kuma wannan hukunci ne na shugabannin kamfani da na hukuma, wadda dokar sadarwa ta 2003 ta ba asusun USPF musamman don yankunan da kasuwa ba ta waiwaya.

Sai batun sirri. Rumbun da ya haɗa suna da NIN da hoto da turken da mutum ke kwana a kai kowane dare abu ne mai amfani ga mai gyara, kuma abu ne mai haɗari in ya faɗa hannun ɓata-gari, balle a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa kamfani nauyin tsare irin wannan. Ma'aikaciyar da ke amsa kira tana buƙatar sanin cewa turken yankin Baba ya mutu. Ba ta buƙatar ganin duk inda Baba ya taka a cikin watan.

Abin da zai tilasta wa kamfanoni gaggauta wannan aiki ya riga ya zo. A Janairun 2025 NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, da sharaɗin inganta aiki. A watan Mayu na shekarar ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a duk wata babbar ɗaukewar sabis, da dalilinta da yankin da ta shafa da lokacin da ake sa ran gyarawa, in kuma ta wuce awa 24 a biya diyya daidai gwargwado, ciki har da tsawaita wa'adin data. Wannan umarni ba ya cikuwa sai gidan ƙarfe ya faɗa wa gidan kuɗi turakun da suka mutu, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da layukan da suka dogara da su, shi kuma gidan kuɗi ya ƙara musu kwanaki ba tare da kowa ya roƙa ba. Kamfanin da har yanzu ke haɗa wannan lissafi da hannu zai ko dai biya kowa ya yi asara, ko ya biya masu ƙarfin baki kaɗai.

Sai dai umarnin na magana ne a kan babbar ɗaukewa, kuma cikin ma'aunansa akwai ta shafi kashi 5 cikin ɗari na kwastomomin kamfani, ko ƙananan hukumomi biyar, ko turaku masu yawa a lokaci guda. Talata Mafara da Bakura da Maradun uku ne. Turke ɗaya da ya yi mako a mace a ƙauye ɗaya bai kai babba ba a takarda, ko da shi ne duk sabis ɗin da mutanen garin suka mallaka. A nan ya kamata hukuma ta ƙara matsawa, tunda na'urorin da za su ƙirga diyyar jiha guda su ne za su ƙirga ta ƙauye guda.

Kafin a kai can, mai layi a wannan yanki kada ya yi shiru. In sabis ya ɗauke ya rubuta rana da lokacin da ya tafi da lokacin da ya dawo. In an cire kuɗi data ba ta zo ba ya ajiye saƙon tes ɗin, kada ya goge. Ya kira 300, ya faɗi sunan garinsa da unguwarsa, ya nemi a ba shi lambar ƙorafi ya adana ta. In kamfani bai warware ba, ya kira NCC a 622, kiran kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan ita za a fara tambayarsa.